Katin agaji na sansani, nonon yaro na daji

 Maganar da muke tafe da ita a wannan karo ta yara ce, yaran da yaƙi ya raba da gidajen iyayensu a jahar Diffa, da kuma abinci da tufafin da masu agaji ke kai musu. An daɗe ana yin wannan magana cikin ofisoshin Yamai da harshen faransanci, amma da wuya ka ji an tsaya an tambayi mai sanda da goran ruwa abin da ya gani. To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ga namu bayanin.

Wanda ya manta bari mu tuna masa. Ranar 6 ga watan Fabrairun 2015 ƴan Boko Haram suka faɗa wa Bosso da garin Diffa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka hana cinikin kifi da na tattasai, aka rufe kasuwanni da dama. Ranar 25 ga Afrilun wannan shekara aka kai hari a tsibirin Karamga, sojoji da farar hula da yawa suka rasu, sai hukuma ta ba da umurni kowa ya fice daga tsibiran Tafkin Cadi cikin ƴan kwanaki. Mutane fiye da 25,000 suka fito, galibinsu a ƙafa, cikin zafin watan Mayu, suka nufi Ngigmi da Bosso. A cikinsu akwai Buduma masu shanun Kuri, waɗannan masu kumburarren ƙaho da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, kuma ba sa daɗewa da lafiya in aka nisanta su da tafki. Da yawa sun baro shanunsu a can, domin ba a fitar da garke ta cikin ruwa da laka a kwana biyu ko uku. Shekara na zagayowa, ranar 3 ga Yunin 2016, aka sake faɗa wa Bosso, hukumar HCR ta ce mutane kimanin 50,000 suka gudu. Wanda ya bi kwaltar Diffa zuwa Ngigmi a wancan lokaci ya ga bukkokin kara da tamfol dama da hagu, kuma duk inda mota ta tsaya yara ne ke fara kewaye ta. Daga 2021 an maida wasu garuruwansu, irin su Baruwa, amma har yau akwai masu zaman gudun hijira a jahar, ga kuma irin wannan masifa ta ɓulla a jahohin Tilabery da Tawa da kudancin Maraɗi. Ke nan darasin Diffa bai tsufa ba.

Tun da farko mu faɗi gaskiya: agajin nan ya ceci rayuka, kuma wanda ya musanta haka bai taɓa ɗaukar yaro mai tamowa a hannunsa ba. Mun ga ma'aikatan lafiya suna zagaya damtsen yaro da wannan ɗan ma'auni mai launi uku. In damtsen bai kai santimita 11 da rabi ba, ma'aunin ya faɗa kan ja, to yaron na bakin mutuwa ko da yana murmushi. Sai a ba uwar wannan abinci na cikin leda da ake kira Plumpy'nut, wanda aka haɗa da gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Leda guda giram 92 ce, ba ta son wuta ba ta son ruwa, yaro na tsotsa da kansa. Kwali guda mai leda 150 kan isa a tayar da yaro ɗaya cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu. A ƙasar nan ne ma duniya ta tabbatar da amfaninsa, lokacin yunwar 2005, da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, akasarinsu a jahar Maraɗi. Buhunan hatsi da wake da man girki na hukumar PAM su ma sun riƙe gidaje da yawa da ba su da ko tiya guda. Wannan ba mu da abin cewa sai godiya, Allah ya saka.

Inda muke da magana shi ne yadda aka tsara rabon. Agaji yana bin kati, kati yana bin jerin sunaye, jerin sunaye kuwa ana rubuta shi ne a wuri guda, ko a sansani irin na Sayam, ko a ɗaya daga cikin zangunan gefen kwalta. Ranar rubutu dole kana nan, ranar rabo dole kana nan, ranar da aka dawo bincike dole a tarar da kai cikin bukkarka, in ba haka ba a soke sunanka. Wannan tsari ya dace da manomi ko masunci da ya baro gonarsa ko jirginsa, domin shi ba abin da zai tayar da shi daga inda ya sauka. Amma makiyayin da Allah ya tsirar masa da shanu goma ko awaki ashirin fa? Wurin da mutum dubu goma suka sauka, cikin mako biyu ba sauran ciyawa ba sauran itace, rijiya kuwa mutane ma layi suke yi tun asuba balle a bar dabba ta sha. In ya zauna don kati, dabbobi su mutu. In ya bi dabbobi, kati ya mutu. Abin da akasari suka yi shi ne raba gida biyu: mata da ƙananan yara a zango wurin kati, maigida da samari a daji wurin kiwo.

Ga shi kuwa nono ba ya zama a zango, yana bin saniya. Yaron da ya tashi da madara da safe, kindirmo da rana, fura da nono da dare, sai a wayi gari ba shi da komai sai kunun hatsi da ɗan mai. Cikinsa zai cika, amma jikinsa ba zai ginu kamar da ba, kuma kowace uwa a ruga ta san wannan ba sai likita ya faɗa mata ba. Bayan wata uku ko huɗu sai ga yaron nan ma'auni ya nuna ja, a ba shi ledar gyaɗa wadda, in ka duba, garin madarar shanun wata ƙasa ne a cikinta. Wato an raba shi da saniyar ubansa da ke tafiyar yini biyu daga zango, sannan an yi masa magani da madarar da ta ƙetaro teku. Ba mu ce da gangan aka yi ba. Amma wanda ya tsara haka bai san cewa rumbun makiyayi a kan ƙafa huɗu yake tafiya ba.

Akwai kuma maganar da masu rubuta suna kan faɗa wa mutanenmu, wadda ta fi ciwo: kai ai kana da shanu, ba ka cikin mabukata. Suna ƙirga kawuna kamar kowace saniya kuɗi ce a aljihu. Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin abin da saniya ta zama a 2016. Hanyoyin shiga Barno sun toshe, gwamnatin Barno ta dakatar da wasu kasuwannin shanu saboda shanun sata da ake shigowa da su, naira ta faɗi ƙasa warwas, mai saye daga Najeriya ya daina zuwa, in ma ya zo kuɗinsa ba su da nauyi in aka juya su zuwa sefa. Hatsi kuwa yana hawa. Saniyar da ba ta da nono, ba ta da ƙiba, ba ta da mai saye, nauyi ce a wuyan mai ita, sai ya nema mata dusa da ruwa kafin ya nema wa kansa. A hana irin wannan mutum kati saboda yana da shanu, daidai yake da a ce masa ya sayar da karsanarsa ta ƙarshe a kan kuɗin tunkiya, ya cinye, sannan ya dawo a rubuta shi. Kuma haka ɗin aka yi wa mutane da yawa. Yau ƴaƴansu ne ke tallan ruwa da wankin kwanoni a tashoshin mota.

Kada wani ya ce wannan ƙorafin makiyaya ne kawai, masu ilimin abin ma sun auna sun gani. A yankin Somalawa na ƙasar Habasha, jami'ar Tufts ta Amurka da ƙungiyar Save the Children sun yi wani gwaji da suka bayyana sakamakonsa a 2012. Da rani ya tsananta, sai suka zaɓi dabbobin tatsa da ake bari a gida wurin mata da yara, suka ba su abinci da magani. Nono ya ƙaru, yaran waɗannan gidaje jikinsu ya tsaya, alhali na ƙauyukan da ba a yi wa haka ba suna ta ramewa. Da aka yi lissafi kuma, ciyar da dabbar ya fi jinyar yaro mai tamowa araha. Tun 2009 ma akwai littafin ƙa'idoji da manyan ƙungiyoyin agaji suka amince da shi, ana kiran sa LEGS, wanda ya yi bayanin yadda ake taimakon masu dabbobi lokacin masifa: abincin dabbobi, ruwa, rigakafi, sayen raunanan dabbobi tun ba su mutu ba, da maida wa mutum iri bayan masifa ta wuce. A ƙasar nan mun ga wani sashe na wannan a farin 2010, lokacin da wasu ƙungiyoyi suka riƙa sayen shanun da suka kasa tashi, a biya mai su, a yanka, a busar da naman a raba wa gidaje masu yara. Mai saniya ya samu kuɗin hatsi, yaro ya samu nama, sauran garke ya samu sauƙin ciyawa. Ashe ba sabon abu muke roƙo ba.

Abin da muke so a gane shi ne buhun dusa ko na angurya da aka kai wa akuya mai shayarwa, abincin yara ne, a cikin lissafin yara ya kamata a sa shi. A bar wa kowane gida da ke zango damar riƙe awaki biyu ko uku na tatsa, a ware musu wurin sha da ba zai haddasa faɗa da masu ɗibar ruwan gida ba. Kati kuma ya bi mutum, a karɓi rabo da shi a duk wurin rabon da ya fi kusa da inda garke ya sauka. Masu auna damtsen yara su riƙa zuwa bakin rijiyoyi da ranakun kasuwar dabbobi, nan ne za su tarar da yaran da ba su taɓa shiga lissafin kowa ba. In ana rigakafin shanu a yi na ƙyandar yara rana ɗaya, kamar yadda aka taɓa gwadawa a Cadi wurin makiyaya aka ga amfaninsa. Dokar kiwo ta ƙasar nan, mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayun 2010, ta ce ƙaura da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. Bai kamata haƙƙin da doka ta bayar katin agaji ya ƙwace shi ba.

A nan dole mu ja kunnen masu kyautar zuciya game da madarar gwangwani da ta gari. Wani attajiri ko wata ƙungiyar unguwa kan ji an ce yara ba su da nono, sai su sayi kwalayen garin madara su aika. Niyya mai kyau ce, amma a zango wannan kyauta na iya kisa. Da wane ruwa za a dama? A 2017 jahar Diffa ta yi fama da annobar ciwon hanta mai sa shawara, wadda ruwa marar tsabta ke yaɗawa, ta kashe mata masu ciki da dama. Jaririn da aka cire daga mama aka ba shi madarar da aka dama da irin wannan ruwa, zawo ne zai biyo baya, nonon uwar kuma ya ƙafe saboda an daina tsotsa. Shi ya sa ƙa'idar masu agaji ta hana raba garin madara ga kowa da kowa. Mu ma a rugagenmu mu ji wannan: ɗan da bai cika wata shida ba, nonon uwarsa ya ishe shi, ba ruwa ba nonon akuya. Mai son taimakon jariri ya ciyar da uwarsa.

Sai maganar tufafi, wadda ake ɗauka ƙarama ce. Wanda bai kwana a filin Allah a yankin tafki cikin watan Disamba ko Janairu ba, bai san abin da ɗari ke yi wa yaro ramamme ba. Tari da ciwon haƙarƙari suna ɗaukar yara a hunturu kamar yadda zazzaɓi ke ɗauka da damina. Amma sau nawa muka ga dilar gwanjo ta iso a watan Afrilu, lokacin da ko inuwa zafi take yi, a buɗe a tarar da rigunan sanyi masu gashi? Sau nawa aka buɗe aka tarar da guntayen siket da ba uwar da za ta sa wa ɗiyarta, da takalma masu tsini, da kwat ɗin manya? Mun taɓa tsayawa wurin wani rabo inda aka jera yara cikin rana tun hantsi, aka sa musu riguna masu sunan masu kyautar, aka ɗauki hoto, sannan motoci suka juya kafin la'asar. Ba mu ga wanda ya tambayi uwa ɗaya abin da ɗanta ya rasa ba. Da an tambaya, amsar ba ta da tsawo: bargo, tabarma, gidan sauro, sabulu, takalmin roba saboda ƙaya da ƙarangiya, da yadi wanda uwa za ta kai wa tela ya ɗinka daidai jikin yaro da daidai al'adar gidansu. A cikin masu gudun hijirar nan akwai teloli da suka tsira da kekunansu. Kuɗin da aka biya aka yi jigilar tsummokara daga bakin teku, da an ba su aikin ɗinki da gida biyu sun ci abinci a kan riga ɗaya. Kuma bargo a watan Nuwamba ake raba shi.

Wani dalilin da ya sa muke matsa wannan magana yanzu shi ne mun ga da idonmu cewa kayan aro ba ya rufe katara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi aka rufe iyakoki, kayan agaji sun maƙale a hanyar Benin wata da watanni. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin agajin da take bayarwa, ta kuma rushe hukumarta ta USAID, wadda a lokacin take biyan babban kaso na kuɗin ledar gyaɗar nan a duniya. A wannan shekara dai hukumomin ƙasar nan suka umurci ƙungiyar CICR ta fice, ta rufe ofisoshinta a watan Yuni, ita da ta daɗe tana taimakawa wajen rigakafin dabbobi a jahar Diffa. Ba mu zo yanke hukunci kan wane ne da gaskiya a waɗannan al'amura ba, wannan aikin wasu ne. Abin da ya shafe mu shi ne yaron da aka ɗora rayuwarsa kacokan a kan kati, ranar da mai katin ya naɗe tabarmarsa ba shi da wurin komawa. Wanda aka bar wa uwarsa akuya uku kuwa, ko ba komai da safe akwai abin tatsa.

To, mun faɗi na wasu, saura namu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wane ne ya saye karsanar ɗan gudun hijira a kan kuɗin tunkiya? Ba bature ba ne, mu ne. Akwai dillalan da ke jiran ranar da mutum ya iso kara da ido ja, sun san yaransa ba su ci ba tun jiya, su haɗa baki kowa ya ƙi tayawa har rana ta yi sanyi, sannan ɗaya ya zo ya ɗauka yadda ya ga dama. Akwai masu sayen shanun da suka san sarai daga tsibiri aka koro su, alamar mai su na nan a cinya da kunne, amma arha ta rufe musu ido. Kowace saniya irin wannan da aka loda a mota, ƙwaryar nonon wani yaro ce aka loda. Sarakunan kara da shugabannin dillalai suna da ikon hana wannan in sun ga dama, domin ba dabbar da ke shiga kara ba tare da an san mai masaukin mai ita ba.

Muna kuma da abin da kakanni suka bar mana tun kafin a san wani abu wai shi furoje. Fulani na da haɓɓanaye: ka ɗaura wa wanda ya rasa karsana, ya riƙe ta yana shan nono, ta haihu har sau uku ƴaƴan su zama nasa, sannan ya maido maka da uwar. Bayan farin 1973 da 1974 ƙungiyar Oxfam ma wannan al'ada ta ara ta maida wa makiyaya dabbobi a ƙasar nan. In baƙo ya ga darajarta har ya ara, mu me ya sa muka bar ta tana mutuwa? Ga kuma zakka, wadda ba kyauta ba ce, haƙƙi ce. Mai shanu 30 maraƙi ne a kansa, mai 40 saniya, mai awaki ko tumaki 40 dabba guda, mai raƙuma 5 tunkiya ko akuya. Ku duba yawan garkunan da manyan ƴan kasuwa da ma'aikata suka tara a ƴan shekarun nan, ku yi lissafi da kanku. Da ana fitar da wannan yadda ya kamata, a kai shi da rai, mace mai tatsa, ga gidajen da ke da marayu a zango, maimakon a aika wa wanda ya riga ya ƙoshi don neman suna, da ba a rasa nono a bukkoki da yawa ba. Rassan ƙungiyoyin makiyaya sun san gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, sun san wanda zai iya riƙon dabba da wanda zai kai ta kasuwa washegari, su ya kamata su riƙe wannan aiki.

Akwai abu na ƙarshe da ke faruwa a gabanmu ranar kasuwa muna kau da kai. Ledar gyaɗar nan ta masu tamowa ana baza ta a faifai ana sayarwa kamar alewa, samari na saye suna ci da burodi, direbobi na ajiyewa a mota don tafiya. Wani lokaci uwar ce ta sayar don ta sayi tiyar hatsi ga sauran yaran, wannan ba mu da bakin zaginta, yunwar gidan ce ba a duba ba. Amma in ka ga kwali cikakke ba a ko ɓare shi ba a rumfar ɗan tireda, wannan ba daga hannun uwa ya fito ba, daga sito aka karkatar da shi, kuma leda 150 da ke ciki jinyar yaro guda ce daga farko har ƙarshe. Kada ɗanmu ko yaron motarmu ya saya. Wanda ya gani ya sanar da sarkin kasuwa da shugaban gidan likita mafi kusa, ya kuma faɗa wa wakilin ƙungiya na yankinsa ranar da ya gani da rumfar da ya gani, a rubuta.